Malam Kyari Mai Yi wa Na'ura Sallama

Ku da kuka yi aiki da Malam Kyari a projen ruwan nan namu na Damagaram, ba sai na tuna muku ba: mutumin nan ba ya taɓa na'ura sai ya yi mata sallama. Zai tsaya gaban ordinater, wato kwamfuta, ya gyara hula, ya ce "Salamu alaikum," ya yi shiru yana jira. In 'yar fitila ta ƙifta sai ya ce "Yauwa, wushe," irin gaisuwar kakanninsa Barebari, sannan ya zauna. Ni Sani, da nake ja masa waya ina hawa masa tsani, na sha wannan tsayuwa har na gode Allah.

Da mutane ma haka yake. Wata safiya ya yi wa sabon direkta sallama a bakin ƙofa, shi kuwa yana kan tarho bai amsa ba. Malam ya tsaya. Aka shiga da shayi, aka fito da kofi, yana nan. Sai wajen azahar direkta ya fito ya yi kiciɓis da shi.

"Malam Kyari! Me ya hana ka shigowa?"

"Ba a amsa ba, ranka ya daɗe."

"To me ke tafe da kai?"

"Dā ma zuwa na yi in ce ma motarka na zubar da mai."

Ga shi ba ya yar da komai. Duk guntun wayar rezo, wato wayar sadarwa, da na yanke, yana aljihunsa. Da ita matarsa Ya Falmata ke shanya, da ita ake ɗaure akuya. A shekarun farin nan, da ciyawa ta zama labari, akuyar ta tauna igiyarta ta haɗiye. Ya Falmata ta fito tana salati, Malam ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce, "Ƙyale ta. Duk Birni ita kaɗai ce rezo ba zai yanke wa ba."

To a farin ne muka ga ta kanmu. Proje ya kafa 'yan akwatuna a kan rijiyoyin ƙauyukan Dogo da Dakusa. Akwati zai auna ruwan da ya rage, ya tura labari ta waya, labarin ya iso allon biro, wato ofishinmu. Motocin ruwa kaɗan ne, don haka inda allo ya ce an ƙafe, can ake tura su. Sai ga shi da rana ta take, akwatunan sai su yi gum, allo kuma ya tsaya kan tsohon labari. A wani ƙauye bayan Dogo, inda yayata Haule ke aure, allo na cewa ruwa fal, guga kuwa laka yake fitowa da ita. Ta aiko min da saƙo: yara na shan taɓo, saniyarta ɗaya tilo ta kwanta.

Direkta ya ce a zubar da akwatunan a yi odar sababbi daga waje. Kowa ya san kafin su iso, sai dai su auna ƙasa. Malam ya ce, "Ba su mutu ba. Wani abu ake musu." Abin haushi, in ya kawo akwati biro cikin sanyin na'ura, sai ya yi aiki lafiya lau. Sai ya ɗauki ɗaya ya kai gida, ya girke shi gefen murhun Ya Falmata, ya kife turmi ya ɗora ordinater a kai. Na same shi zaune cikin hayaƙi, gumi har gemu.

Ya Falmata na tuƙa tuwo ta ce, "Malam, in ya nuna in sauke, ko sai na sa masa kanwa?"

Ni kam dariyar ma ta ƙi zuwa. Na gaji da hanya, na gaji da saƙon Haule, na gaji da Malam. Kwana da kwanaki yana gashin akwati! Na ce, "Haba Malam, mutane na shan laka kai kana nan kana suya?"

Ya dube ni ya ce, "Sani, in na yi gaggawa, da ni da wanda ya ɓata abin mun zama ɗaya."

Ranar da ya gano, da sanda ya zana min a ƙasa. A cikin akwatin akwai 'yar ƙwaya mai magana da waya. Tana da 'yan gurabe, rajista ake ce musu, inda tsarin da ke tuƙa ta yake ajiye mata umarni. Ɗaya daga cikinsu aikinsa kawai ya ce "na shirya" ko "dakata". Wanda ya rubuta tsarin bai duba wannan gurbin ba. Yana ɗan jinkirtawa, sai ya cusa umarni. A ƙasarsu mai sanyi ƙwayar kan riga shi shiryawa. A zafin Damagaram kuwa nauyin jiki take yi kamar kowa, umarni ya zo ya same ta ba ta shirya ba, ta rikice ta yi shiru.

Malam ya jefar da sandar. "Ka gani? Ba a koya masa sallama ba. Faɗa wa mutane gida kawai yake!"

Gyaran bai taka kara ya karya ba: a tambaya, a jira amsa, sannan a rubuta. Muka kama hanyar ƙauyen su Haule, muka isa rana tsaka. Mata sun jera bido, jarkokin ruwa, babu ko ɗigo. Malam ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya zuba gyaran, ya gyara hula, ya yi wa akwati sallama.

Haule ta matso ta ce a hankali, "Sani, wannan malamin naku lafiyarsa ƙalau kuwa?"

Fitila ta ƙifta. Ba a jima ba tarhona ya yi ƙara, daga biro ne, ana ihu wai rijiyar ƙauyen ta ƙafe.

Haule ta ce, "Ka gaishe su da ƙoƙari."

Washegari motar ruwa ta zo, yara suka sha. Saniyar dai ba ta tashi ba. A hanyar komawa, da muka hango Dutsen Birni, sai Malam ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Na daɗe, Sani." Na ce ba komai, amma shi da ni mun san da komai.

Ran Juma'ar da ta wuce na je maƙabarta. Na tsaya a kan kabarin Malam na yi sallama, sai na tsinci kaina tsaye ina jira, kamar yadda ya saba min.

Allah ya jiƙan Malam Kyari, ya sanyaya masa makwanci, ya shayar da shi ruwan da ba ya ƙafewa. Ranar da ya isa ƙofar Aljanna ya yi sallama, ya Allah, a amsa masa da wuri, don mun san shi, ba zai shiga ba.