Gwaggo Kulu da Gashin Takwararta

Ku da kuka san Gwaggo Kulu ta Bungudu, kun san ba ta taɓa fara gaisuwa da fuskar mutum ba. Kai take kallo. Ki shigo da sallamarki, ki durƙusa kina "ina wuni Gwaggo", ita kuwa hannunta ya riga ya kai ga ɗankwalinki. Ta ɗaga ta leƙa, ta ja tsaki, ta zaro tsinken kitson nan na ƙarfe da kullum yake soke a gefen ɗaurinta, ta taɓa tsagar da shi, sannan ta yi tambayar da duk muka haddace: "Wa yay yi maki wagga ɓanna?" Ko ita ce ta yi kitson a makon da ya wuce, sai ta tambaya. In kika ce ai ita ce, sai ta ce to kwanciyarki ce ba ta da kyau.

Yayar mahaifina ce, kuma ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ya ba ta kawunan 'ya'yan mutane, ta kuma riƙe su da hannu biyu har abin ya yi mana yawa. Ina sonta, Allah ya sani, amma ba wanda ya taɓa ƙure haƙurina irinta.

Kun tuna zaman makokin kawun maigidana a Tsafe? Ni ce na yi gangancin tafiya da ita. Muna zaune a tsakar gida, mata cike, wata malama tana jan addu'a, kowa ya sunkuyar da kai. Matar da ke gabanmu mayafinta ya ɗan zame. Kafin a shafa fatiha Gwaggo ta tsefe mata kitso biyu na ƙeya. Baiwar Allah ta juyo a firgice, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina don kunya.

Na ce da ita a hankali, "Gwaggo, makoki hwa munka zo."

Ta ce, "Na sani. Mamaci ya tahi, Allah shi jiƙanai, ba abin da ni ka iya yi mashi. Wagga da ad da rai ita ka bukatar taimako. Dubi tsaga awa hanyar akuya."

Matar ba ta bar gidan ba sai da sabon shuku a kanta. Har yau in na je Tsafe, dangin miji ba sa ce mini matar Sanusi, sai 'yar mai tsifar makoki.

Sai kuma maganar gashin da ya zube. A wurin Gwaggo, silin gashi ɗaya bai isa ya kwana a ƙasa ba. In an gama tsifa sai ta bi tabarma tana tsincewa, ta murza shi ya dunƙule, ta cusa a ramin katanga. Ta ce in tsuntsu ya ɗauka ya yi sheƙa da shi, mai kan ba za ta rabu da ciwon kai ba. Katangar gidanta ta ƙasa ce, ramuka ba iyaka, don haka ba wanda ya damu. Da ta fara zuwa gidana na siminti a Gusau, sai ta zagaye shi kaf tana shafa bango.

"Gidan da babu rami ko guda, ku ina kuka sa gashinku?"

Na ce, "Kwandon shara, Gwaggo."

Ta dube ni ta girgiza kai. "Shi ya sa kullum kina shan maganin ciwon kai, kina cewa wai aiki na."

Na ɗauka magana ta ƙare. Bayan wasu watanni wutar falo ta fara wari, muka kira mai gyara. Yana kwance soket ɗin da ke bayan kujera, wanda murfinsa ya ɗan fashe, sai ga dunƙulen gashi ya cika ramin taf. Mutumin ya ja da baya yana salati, ya ce a nemo malami, an yi wa gidan asiri. Da na kira Gwaggo a waya ina faɗa, cewa ta yi, "To ai kin ga tsuntsu bai kai gare shi ba."

Duk wannan wasa ne a kan abin da ya faru da Jidda. Da na haifi 'yata ta fari, mahaifina ya roƙi a sa mata Hauwa'u, sunan Gwaggo, muke kiranta Jidda. Yarinyar ta zo duniya da suma baƙa wuluk. Ranar suna Gwaggo ta bar wanzami ya yi askinsa don sunna ce, amma tana tsaye a kansa tana tare gashin da tafin hannu. Yana ninke askarsa ta sanar da duk wanda ke wurin cewa daga ranar ƙarfe ya gama da kan takwararta.

Kafin Jidda ta cika shekara huɗu gashin ya sauko har tsakiyar baya, ga cika, ga tauri, mataji biyu ya karya mini. Ita kuma fatar kanta ba ta son a taɓa. Duk bayan mako biyu Gwaggo za ta hau mota daga Bungudu da ƙullin karkashi da kwalbar man shanu, ko hanya da lafiya ko ba lafiya. Jidda na jin sallamarta za ta shige ƙarƙashin gado. A jawo ta, a danne ta tsakanin gwiwoyi, ta yi ta ihu har maƙwabta su aiko a ji ko lafiya. Gwaggo kuwa tana kitso tana hira, wai kukan kitso yana buɗe murya. In an gama, yarinya ta yi kyau, ban musa ba, amma sai ta kwana biyu tana barci a kife, ga ƙarnin man shanu ya kama matashi da labule.

A bazarar da ta shiga shekara ta biyar ƙuraje suka fito mata a ka. Zufa ta taru a ƙarƙashin gashin, ta yi ta susa, ƙurajen suka fashe suka fara ruwa. Na kai ta asibiti, ma'aikaciyar ta duba ta ce a rage gashin sosai don magani ya kai ga fata, iska kuma ta shiga. Ni ma ba daɗi na ji ba, don nakan yi alfahari da kan nan in mun fita biki. Amma yarinya ba ta barci, ni ma ba na yi. Na tambayi babanta, ya ce, "Duk yadda ke da Gwaggo kunka yi daidai na," ya ɗauki hularsa ya fice. Irin taimakon da na samu ke nan daga wajensa.

Na yanke shawara ni kaɗai. Na zaɓi ranar da ba ta zuwan Gwaggo ba, na kama hannun Jidda muka tafi shagon aski na bakin layinmu. Abin da na manta shi ne na faɗa wa maƙwabciyata, ita kuwa Gwaggo ce take yi mata kitso, ashe ta riga ta kira ta a waya. Muna zaune a benci muna jiran a gama da wani, sai ga mai babur ya tsaya, Gwaggo ta sauko tana gyara mayafi. Ba ta ko kalle ni ba. Mutumin da ake yi wa aski yana tashi, ta haye kujerar ta zauna daram, tsohuwa a shagon maza, tana fuskantar madubi.

Ta ce da mai askin, "Ɗana, in za ka taɓa kan takwarata, hwara da nawa."

Ya dube ta, ya dube ni, ya kashe injin. "Hajiya, ku yi haƙuri, an ɗauke wuta."

Janareto kuwa yana ta ruri a bakin ƙofa, fanka tana juyawa a kanmu.

A gida muka yi ta, irin yin da ba mu taɓa yi ba. Na ce mata 'yata ce, ni nake kwana da kukanta. Ta ce ni wa ya kwana da nawa kukan? Ta ce gashin mace ba ciyawa ba ne da za a yanke don zafi ya yi, ta ce a ba ta wata guda za ta warkar da kan da sabulun salo da ganyen darbejiya. Na ba ta, don ban san yadda ake ce wa Gwaggo a'a ta ji ba. Aka wanke, aka shafa, aka turara. Ƙurajen suka ƙaru. Na yi ta shafa maganin asibiti a ɓoye, yana tsayawa a kan gashi. Raina ya ɓaci ƙwarai a kwanakin nan, har na daina ɗaukar wayar Gwaggo.

Ana cikin haka aka aiko daga Bungudu cewa ta faɗi a bakin rijiya, hannunta na dama ya saki. Fushi ya tafi inda ya tafi, na ɗauki Jidda muka kama hanya. A mota na ja mata kunne cewa Gwaggo ba ta da lafiya, ban da gudu, ban da kuka.

Mun same ta a jingine da bango a kan tabarma, ta rame, bakinta ya ɗan karkace, amma ɗaurin ɗankwalin yana nan da tsinkensa. Na durƙusa ina yi mata sannu, idonta yana kan Jidda.

"Kawo mani kan ga."

"Gwaggo, ki bari sai kin ji sauƙi."

"Ce maki anka yi idona ya shanye?"

Jidda ta je da kanta ta zauna a gabanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Gwaggo ta zaro tsinken da hannun hagu, ta kai shi ga tsaga. Hannun yana rawa, tsinin ya sauka a kan gyambo. Na ga yarinyar ta ɗaga kafaɗa ta dunƙule hannu, hawaye yana zuba, amma ko uffan ba ta ce ba.

Gwaggo ta tsaya. "Mi ya hana ta kuka?"

Na ce, "Na hwaɗa mata ba ki da lahiya."

Shekara da shekaru yarinyar nan tana ihu a kunnenta bai dame ta ba, shirun nan ne ya dame ta. Ta ajiye tsinken, ta buɗa gashin da yatsu a hankali, ta daɗe tana kallon abin da ke ƙarƙashi. Sannan ta ce in ɗauko almakashi a cikin kwallarta.

Na ce bari in yanke. Ta harare ni. Ita ta yanke, da hagu, ni ina riƙe mata kitson ɗaya bayan ɗaya, tana huci tana hutawa. Aski ne da ban taɓa ganin mai muninsa ba, nan tudu nan kwari. Da ta gama ta juyo da fuskar yarinyar ta ƙare mata kallo, ta ja tsaki.

"Wa yay yi maki wagga ɓanna?"

Jidda ta ce, "Ke ta, Gwaggo."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta nuna ni da almakashin. "Kar ki ɗauka na ce kin yi gaskiya. Kan da hannuna bai kitsawa, ba wata 'yar Gusau da za ta jagwalgwala mani shi. Kahin shi tsiro na warke." Ta sa na tsince gashin tas daga tabarma, ta ƙulle shi a tsumma. Bai shiga ramin katanga ba, a ƙarƙashin matashinta ta tura shi.

Kan Jidda ya warke cikin 'yan makonni. Gwaggo ba ta warke ba, ta rasu kafin a fara girbin gero. Ƙullin yana nan a inda ta sa shi, ni na haƙa rami a gindin katangarta na binne shi, don na san abin da za ta ce in tsuntsu ya samu.

Yanzu gashin ya dawo, ya fi na da cika. Kwanan baya da zafi ya fara, na ce da Jidda mu je a rage shi. Yarinyar da take ɓuya a ƙarƙashin gado ta ce ita ba a taɓa mata kai, ta je ta ɗauko tsinken Gwaggo da na adana, ta shimfiɗa tabarma ta zauna a gabana. Kun san ban iya kitso ba. Yaya zan iya, tsohuwar ba ta taɓa bari na kama kan kowa ba? Na yi iya yina, na fito da guda shida, wani ya kalli gabas wani ya kalli kudu. Ta ɗauki madubi ta duba hagu, ta duba dama, ta ja wani ɗan tsaki da na san inda ta samo shi, ta ce, "Wa yay yi mani wagga ɓanna?"

Na fara dariya, ban san lokacin da ta koma kuka ba.

Allah ya jiƙan Gwaggo Kulu, ya gafarta mata, ya sanyaya makwancinta kamar yadda ta sanyaya kan yarinyar nan da hannun da ya rage mata. Mu kuma da ta bari da kawunanmu a hargitse, Allah ya ba mu haƙurin rashinta, ya sada mu da ita a Aljanna. Amin.