Faifan da Gamaliel Ya Kai Ladywood

Gamaliel mutumin Kagoro ne, shekara tara yana gadin wani ƙaramin laburare a Salford, kusa da Manchester. Da aka rufe wurin a 2013 don tsuke bakin aljihu, sallamarsa ta haɗa da kwalin tsofaffin faya-fayai da kowa ya ƙi ɗauka. Na post-punk ne, kiɗan samarin Manchester na wajen 1980: ganga a bushe, jita tana kuka, mawaƙi kamar mai mura.

Da farko tsaki ya ja. Amma zaman banza ya sa ya saurara, sai ya ji duk zargi ne: ka yi mini ƙarya, kin bar ni. A garinsu ba a jefa habaici a iska, kowa a filin rawa ya san da wa ake. Don haka ya dinga rubuta baitocin a bayan takardun neman aiki, yana tambayar bango, "Da wa yake?"

Wata waƙa ta kama shi. Mawaƙin yana zuwa tashar mota duk Juma'a, yana jiran wadda ta ce mako biyu za ta yi. Kwana uku Gamaliel yana tsine wa matar nan. Ran na huɗu ya gane da shi ake.

Ai haka ya ce wa Scholastica, nas ɗin da ya nema da aure a Birmingham: mako biyu, ya je Salford ya ga aikin, ya dawo su je wurin fasto. Ba wata mace ce ta riƙe shi ba, kunya ce. Ya ce mata aikin ofis ne, alhali gadi ne, ƙarya ta haifi ƙarya har ya daina ɗaga waya. Kewarta kuwa ba ta sake shi ko rana ɗaya ba.

Ya hau mota da faifan a ƙirji. A flat ɗinta na unguwar Ladywood a Birmingham ta ba shi kujera da shayi, ya karanta mata baitocin, yana fassarawa.

"Shi how long ya yi yana jira?" ta tambaya.

"Shekara ɗaya."

"Ya yi wayo. Ni sai da na yi shida." Ta miƙa hannu. "Bar mini faifan, Gamaliel, nawa ne. Kai tashi, kar motar coach ta bar ka."