Hancin Malam Hambali

Shekara talatin shagona na ɗinki yana jikin rumfar Malam Hambali mai wankin hula a Fagge, kuma wallahi ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Ubansa marini ne. Shi kuwa ya ce ba zai ƙare da shuɗin hannu ba, ya gwammace cire tabon da wasu suka jawo wa kansu.

In ka kawo masa hula ba duba ta yake ba, shinshina ta yake yi. "Wannan manja ne, Alhaji. Ka je Sabon Gari shan miyar agushi, ka ce wa Hajiya kana Kantin Kwari." Sai ka ga babban mutum yana zare ido. Hancin nan shi ne jarinsa. Da shi yake raba tabon goro da na shayi, ya san inda zai sa lemon tsami da inda zai sa kanwa.

Sinadarai kuwa wajen Madam Nkechi yake saye a kasuwar Sabon Gari. Haifaffiyar Kano ce, Hausa a bakinta ta fi tawa. Duk ranar da ta cika masa jarka da bilic sai ta ce, "Malam, kar ka kuskura ka haɗa shi da ruwan wanke masai, asid ne a ciki. Tururinsu kisa yake. Kuma ka riƙa aiki a waje, inda iska take."

"To likita," in ji shi. "Ni da na fara wanki kina goye a baya?"

Bara wani ɗan kasuwa ya kawo farar hula da tawadar biro ta ɓata, masu wanki uku sun gaza. Hambali ya rantse sai ya fitar. Don kada abokan sana'a su ga sirrinsa, da rana tsaka ya shige ɗakin ajiya, ya ja ƙofa, har da toshe taga da buhu. Kai jama'a! Ya zuba bilic, tabo ya ƙi. Sai ya ƙara da abin da aka hana shi.

Tarinsa na jiyo daga kan keken ɗinkina. Muka ɓalla ƙofa muka jawo shi waje, ido jajur, hawaye da majina shaɓe-shaɓe, ga hula riƙe gam a hannu. Tabon dai ya fita, tare da zaren wurin.

Kwanansa tara a asibiti. Nkechi ta zo dubiya da ayaba, ta wanke shi tas da faɗa, sannan ta fita baranda ta sha kuka. Ƙirji ya warke, hanci bai dawo ba. Yanzu tambaya yake kamar kowa, "Me ya zuba a nan?" Mu kuma muka samu abin tsokana, har daddawa muke ɓoye masa ƙarƙashin tabarma ya wuni a kai.

Watan jiya aka yi sunan jikarsa ta fari. 'Yarsa Jawahir ta miƙo masa jaririyar, ya kai hanci kanta kamar yadda kowa ke yi, ya daɗe a haka. Ina tsaye da zolaya a bakina, na haɗiye ta, don tausayinsa ya kama ni.

Ya ɗago ya ce, "Jawahir, gaya mini, ƙanshin me take yi?"