Lambobin da ke Kan Baba Ashafa

Ni dai duk wanda ya zagi Baba Ashafa a gabana sai mun yi, don maƙwabcina ne a Miga. Manomin gero ne, bai yi boko ba, amma akwai kai. Tun da can shi ake bai wa ajiya a unguwarmu: takardar gona, makullin rumbu, har 'yan kunnen amarya. Da waya da katin banki suka zo, aka ce kada a rubuta lambar sirri a takarda. To ina za mu kai ta? Sai ka je zaurensa ka raɗa masa a kunne, ya gyaɗa kai, shi ke nan ta zauna. Ranar da ka manta, ka dawo ya raɗa maka abarka. Shekara tara bai taɓa furta ta kowa ba, kuma da wannan amanar kaɗai yake taƙama a duniya.

Bara aka yi masa tiyata a wani asibiti a Dutse. Mu kuwa ba mu iya dubiya mutum biyu ba, bas guda muka cika, har da ƙwaryar fura. Muka zagaye gadon, ashe allurar barci ba ta gama sakinsa ba.

Ido a rufe ya buɗe baki, da murya irin ta mai tilawa: "Sale mai shayi, huɗu, huɗu, bakwai, ɗaya. Indo ta bakin rijiya, sifili, tara..."

Innalillahi! Sale ya hau tarin ƙarya don ya danne muryar. Indo ta kama salati da ƙarfi. Abdulrauf, malamin makarantar da ke damun mu da wa'azin tsaron waya, ashe tasa ɗaya, biyu, uku, huɗu ce! Wani majinyaci a gadon gefe, ko saninsa ba mu yi ba, ya ɗago kai ya ce, "Baba, a maimaita ta Sale, ban ji ƙarshen ba." Wallahi saura kaɗan in kwaɗa masa ƙwaryar. Kafin nas ta kore mu, Baba ya sauke unguwa kaf.

Ranar ba wanda ya koma Miga sai da ya canja lamba.

Da ya warke aka gaya masa. Ya bi gida-gida da sanda yana neman gafara, kowa ya ce ba komai, ai lalura ce. Gaisuwa ba a fasa ba, amma ba wanda ya ƙara kai masa ajiya. Ni ma ban kai ba, kuma ina jin kunyar hakan.

Ina zaurensa wani hantsi matarsa, Inna Rakiya, ta dawo daga banki da sabon kati. Ya gyara zama da murna, ya miƙa mata kunne.

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, bar shi kawai. Na haddace."