Koken Moriki da Malam Ladan Bai Rufe Ba

Masu shaguna a hanyar tashar jirgin Kaura Namoda sun san Malam Ladan da tsohon babur ɗinsa, wanda ba ya tashi sai an lallashe shi da turi. Da ya isa ofis yakan ajiye hula, ya buɗe manhajar karɓar koke, ya duba firjin rigakafin wane asibitin ƙauye ne ya kwana a lalace, daga Sakajiki har Shinkafi da Zurmi, sannan ya tura mai gyara. Da keken buga takarda ya fara aiki shekarar da aka ƙirƙiro Zamfara. Lokacin da ake ta hidimar ƙaddamar da Shari'a ya koyi kwamfuta, abokansa na yi masa tsiya wai ya tsufa da wasan yara.

Babban aikinsa kuwa ba mai gani. Manhajar tana da ƙofa ta intanet, inda manhajojin wasu kamfanoni ke shigowa su ɗebi bayanai. Ladan ne ke yanka wa kowace makullinta, ya ƙayyade ɗakin da zai buɗe. Masu kawo allura su ga sanyin firji kawai, masu batir su ga batir. Sunan mai gyara, da ranar fitarsa, da hanyar da zai bi, waɗannan ya kulle su, don daji ya riga ya lalace.

Sai wani kamfanin kayan gyara ya nemi a buɗe masa komai, wai aiki ya fi sauri. Ladan ya ƙi. Manya suka ce taurin kansa na sa allurar yara lalacewa, suka matsa, har ya gaji ya buɗe. Ba a jima ba bayanan suka fara yawo a wayoyin dillalan kamfanin cikin kasuwanni. A kwanakin ne Armiya'u, mai gyaran da suke cin tuwo kwano ɗaya da Ladan, ya tafi duba firjin Moriki. 'Yan bindiga suka tare shi a hanya, har yau ba labarinsa.

Ba wanda zai rantse cewa ta ƙofar nan maganar ta fita. Kowa ya faɗa wa Ladan haka, amma bai taɓa samun sanyi a ciki ba. Ya sake kulle ƙofar, ya ce wanda ke son a buɗe ya fara korarsa. Ba a kore shi ba, ba a kuma ƙara masa girma ba. Masu gyara dai sun shaida cewa tun daga nan, in za su fita, daga su sai Ladan sai Allah.

Malam Ladan, kai ne mai gadin da ba a ba sanda ba. Kai ne aka kira mai tsaurin ido, alhali matan mutane kake tsare wa takaba. Abin takaici, sai da aka rasa mutum aka ji maganarka.

Makon jiya Ladan ya yi ritaya. Naja'atu, wadda ta gaje shi, ta tarar da tsohon koke ɗaya a buɗe, na firjin Moriki, ga shi an daɗe da sauya firjin. Ta tambaya ko ta rufe.

"Ɗiyata, bar shi," in ji Ladan. "Wanda yat tahi gyaran bai komo yac ce ya gama ba."

Mun gode, Malam, Allah ya saka da alheri, ya bayyana Armiya'u. Ku kuma da aka damƙa wa makullan bayanan mutane, in an ce ku buɗe, ku fara tambayar wa ke kan hanya. Naja'atu ta bar koken yadda ta same shi.