Kujerar da ke Gefen Baba Matso

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, in ka tsaya a bakin layinmu, za ka hango wani dattijo siriri yana tahowa a ƙasa, jakar fata a hammata, takalminsa ya sha faci amma a goge yake. Wannan ba ita ce hanya mafi kusa zuwa wurin aikinsa ba, amma ita yake bi, don ta ratsa layin masu sana'a. Zai gaisa da mai walda, ya leƙa wurin mai aski ya tambaya ko wuta ta dawo, ya ɗan tsaya wurin mai shayi, ba don ya sha ba, don dai ya ji wa ya buɗe sabon shago, wa ya rufe nasa. Takwas saura kaɗan yana ofishin hukumar gari, a teburinsa da ke ƙarƙashin matattakalar bene. Shi ne mai kula da rajistar ƙananan sana'o'i. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki, ƙarshen watan nan zai ajiye.

Sunansa na gaskiya yana nan rubuce a wani ɗan katako a kan teburin, amma ba mai kiransa da shi. Baba Matso muke ce masa, kuma kujera ce ta jawo masa sunan. A sauran tebura, kujerar baƙo tana gaba, takarda na kallon ma'aikaci, kai kana ganinta a juye. Tasa kujerar a gefensa take, ta hannun hagu. Kana zuwa zai buga ta da tafin hannu ya ce, "Matso kusa, mu duba tare." Sai ya ɗora yatsa a ƙarƙashin layin farko ya fara karantawa a bayyane, a hankali, har ƙarshen takarda.

Kowa haka yake yi masa. Mai kantin magani, wanda ya yi jami'a, ya taɓa ce masa ai shi yana iya karantawa da kansa. Baba Matso ya ce ya sani, shi ne yake so ya ji da kunnensa ko abin da suka rubuta yana da ma'ana. Sai daga baya na gane hikimar. Tunda kowa ake karanta wa, ba wanda ke tsaye a layi zai san waye bai iya karatu ba. Ni ina cikin waɗanda wannan ya rufa wa asiri. A aji huɗu na bar makaranta na koma gefen babana ina miƙa masa sukudireba. Wannan rubutun ma sati uku na yi ina yinsa, ƙanwata tana bi tana gyara mini.

Teburin nan da ba a ƙarƙashin bene yake ba. Mai gyaran takalmi na bakin tasha, wanda ke yawo a keken guragu, shi ke ba da labarin. Sau uku yana zuwa yin rajista ana ce masa ya aiko wani ya hau sama a madadinsa. A zuwa na huɗu Baba Matso ya kira maigadi suka kinkimo teburin suka sauko da shi, ya ce wa shugabansa na rana ɗaya ne. Shekara tara ke nan. Mai takalmin yakan ce ranar nan har yau ba ta faɗi ba.

Matan da ke sana'a a cikin gida su ma suna da nasu labarin. Da can fom ɗin yana neman adireshin shago, wadda ba ta da shago kuwa ba ta da rajista, wadda ba ta da rajista ba a kiranta in hukuma ta kawo horo ko kayan aiki. Zama shida Baba Matso ya yi yana kai maganar gaban kwamitin hukumar, har aka gaji da ganin fuskarsa aka ƙara layi ɗaya na masu aiki a gida. Layin nan guda ya shigo da masu saƙa, masu sabulu, da teloli mata da yawa, waɗanda ni nake gyara wa kekunan ɗinki.

To, ga nawa.

Gyaran keken ɗinki na gada. Babana ya rasu shekara huɗu da suka wuce, ya bar mini shago mai faɗin tabarma biyu, da mahaifiyata, da ƙanne mata biyu. Lasisin shagon yana rataye a bango cikin gilashi, da sunansa. Duk shekara shugaban layinmu, wani tela, yakan tattara takardun kowa ya kai sama a buga musu hatimi a dunƙule, ya dawo mana da su. Ni ma nakan ba shi tamu. Ban taɓa cewa a canza suna ba. Wani ɓangare tsoron fom ne. Amma babban dalilin, in na faɗi gaskiya, gani nake in aka cire sunansa daga bangon nan kamar na kore shi daga shagonsa ne.

A farkon shekarar nan aka zo aka shafa jan fenti a ƙofofinmu. Za a faɗaɗa titi, layinmu zai tashi. Hukuma ta gina sabbin shaguna a bayan tasha, masu wuta da ruwa, kuma duk mai lasisi zai sami ɗaya. Sharaɗi guda ne: mai sunan da ke kan takarda ya zo da kansa, da katin shaidarsa.

Mai aski ya ce abu mai sauƙi ne, in zo ya manna mini gemun auduga in je a matsayin babana, tunda dama tafiyarmu ɗaya. Aka yi dariya, ni ma na yi. Shugaban layi ya ja ni gefe ya ce in ce tsohon ya yi tafiya, shi zai samo wanda zai rubuta wasiƙar wakilci. Na kai maganar gida. Mahaifiyata tana ninke kaya, ba ta ko ɗago ba.

"Babanku bai taɓa tafiya bai sallame ni ba," in ji ta. "Kada ka ƙaga masa wata yanzu."

Washegari na cire takardar daga gilashi na tafi. Baba Matso ya buga kujera, na zauna. Ya ɗora yatsa, ya karanta sunan babana, sai yatsan ya tsaya. Ya ce Allah ya jiƙansa, a sahu na biyu ya tsaya ranar jana'izarsa. Ya tambaye ni dalili, na faɗa masa duka, har da maganar bango. Bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba.

Ya bayyana mini yadda abin yake ba tare da ya sassauta ba. Takardar da ke ɗauke da sunan mamaci ba ta aiki. In ba ta aiki, ni sabon mai nema ne, kuma akwai mutum sama da ɗari uku a gabana, shagunan da suka rage kuwa ba su kai ashirin ba. Akwai dokar gadon sana'a, amma cikin shekara guda da rasuwa ake yinta. Ni na yi huɗu. Kwamiti ne kawai zai iya ɗaga mini ƙafa, kuma sai da rahoto daga teburinsa.

Ya ɗauki biro ya yi rubutu mai tsawo, ni ina kallon ƙafafun masu hawa bene ta saman kanmu. Da ya gama ya ce mu duba tare. A rahoton ya faɗi abin da na yi, bai rage komai ba. Sai ya zo wani layi inda ya rubuta cewa jami'in da ke da alhakin rajista yana wucewa ta ƙofar shagon nan kowace safiya, ya san da rasuwar, yana ganin magajin yana buɗe ƙofa, amma bai taɓa tambayarsa sunan wa ke kan takarda ba.

Na ce, "Baba, cire wannan. Saura maka wata nawa ka huta? Laifina ne."

Ya ce, "Naka yana sama, na rubuta shi. Wannan nawa ne. In na cire, rabin takardar ya zama ƙarya, kuma ai ƙaryar ce ka ƙi yi ka zo nan."

Kwana goma sha biyu muka jira. A kwanakin nan na sa wa wata mata allura a baibai a kekenta, abin da ban taɓa yi ba ko ina koyo. Maƙwabtana suna ta karɓar makullai, mai walda har ya fara kwashe kaya. Mahaifiyata ta daina kwanciyar rana, sai ta zauna a bakin ƙofa tana cewa zafi ne ya hana ta. Baba Matso kuwa kullum da safe zai wuce, ya ɗaga mini hannu, ya ce ba a kira ba tukuna. Bai taɓa ce mini kada in damu ba, don bai san yadda za ta kaya ba, kuma ba ya faɗin abin da bai sani ba.

Ranar zama an ce in zo da shaidu biyu da za su tabbatar ni ke riƙe da shagon. Mutum biyu na faɗa wa. Amma wannan ta gaya wa wannan, sai ga teloli mata tara, yawancinsu masu aiki a gida, sun zauna a kan matattakala har ma'aikata suna neman hanya. Aka shigar da babbarsu, wata tsohuwa da babana ya yi wa gyara tun kafin a haife ni. Shugaban kwamiti ya tambaye ta ko yaron ya iya aikin kamar ubansa. Ta ce uban ya fi shi surutu, shi ya fi uban hannu, kuma in aka hana shi shago to kwamiti ya shirya zuwa gida gida yana gyara musu keke. Na ga shugaban yana danne dariya.

An amince. Da masinja ya fito ya faɗa, sai na zauna a kan matakala ta ƙarshe na daɗe ban tashi ba. Masinjan ne kuma ya raɗa mini daga baya cewa an sa wa Baba Matso takardar gargaɗi a fayil ɗinsa, ta farko a shekara talatin da ɗaya. Shi bai taɓa ɗaga mini zancen ba. Da na tayar, cewa ya yi fayil ɗin dama ya yi fari da yawa, kamar na wanda bai taɓa aiki ba.

Muka zauna cike sabon fom. Ya karanta layin mai lasisi, ya rubuta sunana. Muka gangara har wani layi can ƙasa da ban san da shi ba.

"Sunan shago," ya karanta. "Wannan ba dole ba ne. Amma shago yana iya ɗaukar sunan duk wanda mai shi ya so, ko yana raye, ko ya riga mu."

Ya miƙo mini biron. Da hannuna na rubuta sunan babana, harafi bayan harafi, layin ya karkace ya hau sama. Akwai mutane a bayana suna jira, amma bai kalli agogo ba.

Da na kai takardar gida, ƙanwata ta nuna wa mahaifiyata inda sunayen biyu suke. Ta shafa na ƙasan da yatsa, ta ce a sabon shago in rataye ta sama da yadda aka rataye tsohuwar, kada man keke ya taɓa ta. Daga nan ta shiga ɗaki ta kwanta, ba ta farka ba sai la'asar. Muka hana kowa yin motsi a gidan.

Baba Matso, kai ne wanda ya sauko da tebur ƙasa ya bar shi a nan. Kai ne mai karanta wa malami da jahili da murya ɗaya. Inuwar ƙarƙashin bene, wadda ta fi ta sama sanyi. Ban san manyan kalmomin da ake faɗa a taro kan bunƙasa sana'o'i ba. Abin da na sani shi ne sabon shagona mai lamba arba'in da biyu yana buɗe, akwai wuta, kekuna shida suna jiran gyara, ƙannena biyu suna makaranta. Na gode. Matan layinmu sun ce in faɗa maka sun gode, mai takalmi ma haka, mai aski kuma ya ce askinka kyauta ne har abada, ko da yake ya san gashin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Allah ya ba ka hutu mai daɗi da lafiyar cin moriyarsa, ya yi wa 'ya'yanka yadda ka yi wa 'ya'yan mutane.

Ga waɗanda ke zaune a bayan tebura, a nan da ko'ina, ba na roƙon ku karya doka don kowa. Shi ma bai karya ba. Ku dai juyo da takardar yadda mai ita zai gani, ku bi ta layin masu sana'a ko sau ɗaya a sati, ku tambayi abin da shi ya ce ya manta bai tambaya ba.

Ranar Litinin da ta wuce na lura ƙafar kujerar nan ta baya tana rawa. Na koma da kayan aikina na ɗaure ta, na sa mata sabbin kusoshi huɗu. Matashiyar da za ta gaje shi tana zaune tana koyon aiki, ta tambaye ni ko ba gara a kawo sabuwa ba. Na ce wannan za ta ƙara shekara talatin, in dai an bar ta inda take.

Ta dube ni, ta dubi kujerar, sai ta buga ta da tafin hannu ta kira na gaba.