Inna Hajjo Ta Kira Sunan Ɗan Farinta

Jama'a, ku ji abin da ya faru yau a ajinmu na manya a Tumfure! Har yanzu na kasa cin abinci.

Malama Rifkatu tana koya mana take, took, taken, wai ɗauka ke nan da Turanci. Ta ce kowa ta haɗa zance da took, na abin da ya wuce.

Na ce, "I took my kwano." Aka kwashe da dariya.

Sai Inna Hajjo ta miƙe, Bafillatanar nan da ta gudo daga Borno. Kun san su, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari.

Ta ce, "They took Buba."



Malama ta ce, "Inna, waye Buba?"

Ta ce, "Ɗan farina. Mutanen daji suka tafi da shi. Gobe za ni wajen masu neman waɗanda suka ɓace, za su tambaye ni sunansa. Shi ne na gwada da yaren da ba na jin kunyarsa."

Na ce, "Sake faɗa, Hajjo, da ƙarfi!"

Ta buɗe baki, sunan ya ƙi fita, sai hawaye.

Gobe zan raka ta. In ta kasa, ni zan faɗa musu.